Hannu a Kan Ɗankwali

Kunnen Dogo ya fara mutuwa tun bara. Duk 'yan ƙungiyar wasan sun sani, amma kowa ya yi gum da bakinsa. Shi kuwa mai wasan barkwanci da kunne yake cin abinci. In ka saki magana jama'a suka fashe da dariya, sai ka dakata ta lafa kafin ka ɗora. In ka yi gaggawa ka take musu daɗi, in ka daɗe sun huce. Ga fitilun dandamali masu kashe ido, ba ka ganin kowa a kujeru. Da Dogo ya daina jin su, sai ya riƙa afka wa dariyar mutane da magana kamar mai korar kaji.

Darakta, mutum ne da ba ya ɓoye-ɓoye, ya ce in abin ya ci gaba zai sauke shi daga dandamali. Dogo kuma bai iya komai ba a duniya sai wannan.

Ƙanwarsa, wadda ke fitowa tare da shi a matsayin maƙwabciya mai tsegumi, ita ta samo dabara.

"Yaya, ka riƙa kallona. In na ɗora hannu a kan ɗankwali, dariya suke, ka jira. In na sauke, ka ci gaba."

Abin ya yi aiki, har darakta ya daina hararsa.

Ran nan da rana aka kawo ɗaliban wasan kwaikwayo su ga yadda manya ke sarrafa 'yan kallo. Suka cika kujeru, kowa da biro a hannu, fuska a ɗaure kamar masu zaman jarrabawa. Dogo ya zo kan maganarsa mafi daɗi, wadda ta sha sa tsofaffi share hawaye. Ya sake ta da duk ƙarfinsa.

Ɗakin ya yi tsit. Wani ya yi tari, wata ta juya shafi.

Dogo ya waiwayo ya dubi ƙanwarsa, idonsa cike da tambaya. Tausayi ya kama ta. Ta ɗaga hannu ta ɗora a kan ɗankwali.

Ya tsaya yana murmushi, yana gyaɗa wa duhu kai, har da ɗan ɗaga hannu wai a yi haƙuri a bar shi ya ƙarasa. Ɗaliban suka zuba masa ido. Ita kuma ta kasa saukewa, don ba ta san tsawon da ake ba dariyar da babu ita ba.

Bayan an tashi ta same shi a ɗakin canza kaya, yana goge hodar fuska da tsumma.

Ta matsa kusa da kunnensa. "Yaya, yau ka kashe su da dariya."

Bai daina gogewa ba.

"Zauna, ƙanwata. Ni yanzu da tafin ƙafa nake jin dariya. In ɗaki ya ɗauka, katakon dandamali rawa yake a ƙarƙashina. Yau ko motsi bai yi ba."

Ta zauna a kan akwatin kaya, hawaye na zuba.

"To me ya sa ka tsaya?"

Ya ninke tsumman, ya ajiye a gaban madubi.

"Na ga hannunki yana rawa. Na ce bari in bar ki ki gama."