Hancin Mai Azumi a Bagauda

Ni Munir, duk Dangora an san ni da hanci. Ko a ƙarshen layi aka ƙona tuwo, ni nake fara kai labari majalisa. To hancin nan ne ya kusa raba ni da Husna, yarinyar da zan aura.

Azumi goma sha biyu, aka ce in kai kayan shan ruwa gidansu. Kowa sukari da kankana yake kaiwa. Na ce ina! Babarta, Inna Balaraba, kifi take so, kifi zan kai, su san sun yi suruki.

Bayan la'asar na hau babur sai Bagauda. Ranar na makara sahur, ruwa kawai na kurɓa. Ina isa wajen masu banda, wallahi har hayaƙin itacen ƙamshi yake min.

Zailani mai kifi ya ture wani kwando gefe. "Ban da wannan, Munir. Bai ji wuta ba, ya fara juyawa."

Na sunkuya na shaƙa. Yawuna ya tsinke.

"Zailani, mai kyan ka ɓoye wa wani ko? Kai kifi ka sani, ni hanci na sani. Zuba min."

Ya kalle ni, ya zuba min a kwali.

Na isa gidan su Husna ana kiran magariba. Babanta, Malam Uwais, ya ce in sha ruwa tare da shi a zaure. Na ajiye kwalin a gefe. Dabino, kunun tsamiya, ƙosai, na ci har na kasa zaman ladabi. Muka yi salla muka dawo. Sai wani wari ya doke ni.

Da na yi shiru, da shi ke nan. Amma ni ne.

"Baba, a yi haƙuri, kamar ɓera ya mutu a zauren nan. Ni hancina ba ya ƙarya."

Malam ya ci gaba da jan carbi. Can ya nuna kwalin da baki. "Tare kuka shigo, ɗana."

Husna ta leƙo ɗaukar kwanuka, tana danne dariya. Makarantar koyon aikin jinya take, ba ta barin abu ya wuce.

"Sarkin hanci, ba hancin ne ke yanke hukunci ba, ƙwaƙwalwa ce. In kana jin yunwa, duk abin da ya yi kama da abinci sai ta ƙawata maka shi. Ka ƙoshi, ta dawo hayyacinta."

"To a gaya wa Inna ƙwaƙwalwata ce, ba ni ba."

Ta shiga ciki. Ta dawo da saƙo.

"Ta ce ta gode, Allah ya yi albarka, magana tana nan. Amma daga yau kankana za ka riƙa kawowa, ita ma kada ka sansana, ka ƙwanƙwasa."

Kwalin kuwa ni na koma da shi, a bayana, har gida.