Ƙarfen Giya Mai Diddige

Maganar da ta zaga layin ita ce Mai Agogo ya fara rikicewa. Wai tsufa ya taɓa masa kai har ya manta yadda ake canja giyar babur. Masu faɗa kuwa suna da hujja. Kullum da safe sai a ji tsohon babur ɗinsa ya taso daga ƙofar gida yana kururuwa a lamba ɗaya, har ya sha kwana bai shiga ta biyu ba, shi kuma yana kai a miƙe kamar ba shi ake kallo ba.

Malama, matarsa, a bakin mai sayar da gawayi ta fara jin zancen, ta yi kamar ba ta ji ba. Sai ga babban ɗansu ya kira ta a waya, yana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ya ce ƙarshen mako zai zo ya karɓi makullin babur ɗin kafin a ɗauko musu Baba a titi. A nan ne abin ya tsaya mata a wuya. Shagon gyaran agogon yana can bakin kasuwa, ba tafiyar ƙafa ba ce. In aka karɓe makullin babur, an rufe shagon ke nan, kuma ta san mijinta: mako biyu a kan kujera zai mai da jita-jitar ta zama gaskiya.

Ita kuwa ta yi rayuwarta tana koyar da kimiyya, ba ta karɓar magana don kawai bakuna da yawa sun faɗe ta. Ta ɗauko wani agogon hannunta da ya daɗe da tsayawa ta ajiye masa a gaba. Ya warware shi, ya jera ƙananan ƙusoshi a kan faranti, ya mayar da kowanne gurbinsa, yana tuna mata shagon da ta saye shi da yadda aka cuce ta. Ta tambaye shi jerin giya kamar da wasa. Ya ce ɗaya ƙasa, sauran sama, ya kuma harare ta ta saman tabarau.

"Babur ɗin ne ya tsufa, Malama, ba ni ba."

To, in babur ne, sai a kai shi gun mai gyara. Ta hau bayansa suka tafi garejin Dogo, bakaniken da ya san babur ɗin tun yana sheƙi. A lamba ɗaya suka yi tafiyar, masu keke suna wuce su suna gaisuwa.

Dogo ya matsa hannun kuloci ya ce ai ga matsalar, waya ta saki. Ya ɗaure ta. Ya zuƙe baƙin mai, ya nuna mata yadda ya yi kauri, ya zuba sabo. Ya hau ya zaga layi, suna jin giya tana shiga ɗaya bayan ɗaya, ƙat, ƙat, ƙat. Ya dawo yana murmushi ya miƙa wa Mai Agogo. Tsoho ya hau, babur ya ɗauki kururuwarsa ta kullum har ƙarshen layi ya dawo da ita.

Washegari Dogo ya buɗe gefen inji. Faya-fayan kuloci sun cinye da gaske, ya nuna mata, ya sa sababbi. Ya hau, lafiya. Mai walda na maƙwabta ya hau, lafiya. Mai Agogo ya hau, lamba ɗaya.

Dogo ya zauna a kan tsohuwar taya yana sosa ƙeya da sifana. Ya ce shi dai tunda yake bai taɓa ganin babur mai zaɓen mutum ba. Mai faci ya matso ya ce a yi haƙuri da shi, amma wannan ba aikin sifana ba ne, hannu aka sa. Mai walda ya ce wa zai ɓata maganinsa a kan babur ɗin da ko ɓarawo ya gani sai ya yi masa addu'a. Aka yi dariya, ban da Malama.

Lissafin ya ƙi fita mata. Babur lafiya, ta gani da idonta. Kai lafiya, ta gwada da kanta. Amma in aka haɗa su biyun sai a sami kururuwa. A gida ta kama kanta tana lura da shi, ko zai sa riga a bai-bai, ko zai kira ta da sunan wata. Bai yi ba. Ita ce ma ta kwashe rabin yini tana neman tabaraunta, shi ya nuna mata su a goshinta. Ta fara tunanin ko dai an yi kuskuren wanda za a karɓe wa makulli a gidan.

Ana gobe ɗan zai zo suka koma garejin. Ta ce wa Dogo yau kada ya kwance komai. Ya kafa babur a kan ƙafarsa ta tsakiya, tayar baya ta tashi daga ƙasa, ya tayar da inji. Ta ce ya hau ya canja giya a nan tsaye. Ita kuma ta tattara zaninta ta tsuguna a gefen hagu, gwiwoyi na ƙara, ba ta kallon komai sai ƙafa.

Yatsun Dogo suka shiga ƙarƙashin ƙarfen giya, suka ɗan ɗaga, ƙat.

"Malam, hau," in ji ta ga mijinta.

Ya tsaya yana gyara hula, ya ce ai an gwada jiya. Ta ce ya hau dai. Ya taka ƙarfen ƙasa, ɗaya ta shiga. Ya cusa ƙafa a ƙarƙashi. Gwiwarsa ta tashi, cinyarsa ta tashi, har ƙugunsa ya karkata, amma yatsun suna nan a sake, suna kallon ƙasa. Ƙarfen ya zame ta kansu. Ta ga bakin takalminsa na hagu ya cinye ta gaba, na dama kuwa kamar sabo.

Ta taɓa ƙarfen ta tambayi Dogo me ya sa shi kaɗai yake ƙyalli a babur ɗin da ko'ina tsatsa ne. Ya ce ai shi ya canja shi kwanakin baya, da babur ya faɗi a jingine tsohon ya karye. Tsohon irin na da ne, mai baki biyu, gaba a taka da yatsu, baya a taka da diddige. Ba a samun irinsa yanzu, sai ya sa na zamani.

"To da wancan, yaushe mutum yake buƙatar ɗaga yatsunsa?"

Dogo ya dubi ƙarfen. Ya ce, "Ba ya buƙata, Mama."

Ya tona tarin ƙarafa a bayan shago har ya zaƙulo ɓarin biyun. Mai walda ya haɗa su, aka ɗaura. Mai Agogo ya hau ya danna diddige, biyu ta shiga, uku, huɗu. Mai faci ya ce shi dama ya san ƙarfen nan ne. Tsoho kuma bai yarda ya haɗa ido da matarsa ba.

Da suka shiga gida yana gaba tana baya, ta ji takunsa a kan siminti: ɗaya taku, ɗaya ja. Ta tambaye shi tun yaushe. Ya daɗe yana neman wurin rataye hula a ƙusar da ke gabansa, sannan ya ce tun bara. Ta ce Litinin asibiti, shi zai tuƙa, ita a baya.

Ɗan ya zo da hantsi, ya gaishe su, ya yi ta juya wayarsa a hannu kafin ya kawo zancen makulli. Makullin yana ɗaure a bakin zanin Malama, ba ta kwance ba.

"Kan babanku lafiya lau, babur ma an gyara," in ji ta. "Ƙafarsa ta hagu ce ta daina ɗaguwa."