Kofi a Kan Dogon Yaro

Ranar da masu feshin kuɗin cizo suka zo gidan hayarsu a unguwar Maamobi, ba katifu ne damuwar Luba ba, mahaifiyarta ce. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya karkatar wa Hajiya Abibatu baki, ba ta yarda kowa ya gan ta. Matar da in tana tallan goro ake jiyo muryarta daga wannan ƙofa ta kasuwar Malam Atta har waccan, yanzu sai ta yini ba ta ce uffan ba. Da Kofi kaɗai take gwada magana, akunta mai ruwan toka da jan bindi, wanda wani direban Kumasi ya kawo mata wata Juma'a. In Kofi ya ci, ta ci. In ya yi shiru, ta juya fuska bango.

Da ƙyar aka lallaɓa ta zuwa ɗakin maƙwabciya, aka saki labule. Maƙwabciyar tana da kyanwa, don haka Kofi ya tsaya waje tare da Mutala, ƙanen Luba mai gyaran waya a kasuwar Circle.

Luba ta fito da tukwane, sai ta ga keji a buɗe, Kofi a kafaɗar Mutala yana jan kunnensa.

"Mai da shi ciki."

"Sista, wannan? Da hannuna na yanke masa gashin fiffike. Ko kazar Hajiya ta fi shi tashi."

"Yaushe ka yanke?"

"Kafin babbar Sallah." Ya ɗan tsaya. "Ta bara."

Bai rufe baki ba wani babur mai ƙafa uku ya saki ƙara kamar bindiga a bakin lungun. Kofi ya buɗe fukafukai, cikakku, duk gashin ya sake tsirowa. Ya haye rufin kwano, ya haye wayoyin wuta, ya ɓace.

Luba ta yar da tukwanen. Ta bi lungu da gudu, ta tsallake kwata, tana ture masu talla, idonta a sama. A bakin filin ƙwallon makaranta ta hango jan bindin, can a ƙololuwar dogon yaro.

Kafin ta huce unguwa ta taru. Wani na yi masa fito da baki, wani na tafa hannu, mai shayi na kaɗa burodi a iska. Aka jingina tsani, Mutala ya hau. Duk reshen da ya taka, Kofi ya ƙara sama, har ya kai wanda ke lanƙwasa da nauyinsa.

"Sauko, Mutala," in ji Luba. "Korar shi kake."

Ta tsaya a gindin bishiyar da ƙwarar kwakwar manja a tafin hannu. Kofi ya leƙo, ya sunkuya, ya buɗe fiffike kamar zai taho, ya fasa. Ya sake, ya fasa. Nan ta gane. A ɗaki ya girma, daga kan kujera zuwa kan gado. Tsoro ne ya kai shi sama, saukowa kuwa bai taɓa koya ba. Daga inda yake, saukowa gare ta kamar faɗawa rijiya ne.

"Ku duba can," in ji mai shayi a hankali.

Shirwa biyu, daga wajen babbar kwatar Nima, suna shawagi a sama. Kowane zagaye sai sun ƙara yin ƙasa.

Luba ta ruga can ƙarshen filin, inda zai iya gangarowa a hankali. Ta kira har muryarta ta dushe. Ko kallonta bai yi ba. Kofi bai taɓa zuwa hannun kowa da kira ba sai mutum ɗaya.

Ta koma gida, ta tarar da Hajiya a bayan labule, hannunta mai lafiya ya damƙe zani. Ta riga ta ji.

"Mma, yana kan dogon yaron makaranta. Shirwa na kansa. Ke kaɗai zai ji."

Hajiya ta girgiza kai, ta ja mayafi ta rufe baki.

"Mutane sun cika filin, ba zan ɓoye miki ba. Har ƙawayenki na kasuwa. Za su gan ki. Amma in kin zauna, Mma, wallahi ba za mu dawo da shi ba."

Tsohuwar ta dubi labulen. Sannan ta buga hannun kujerar robar da take kai.

A kujerar suka ɗauko ta, Mutala a gaba, Luba a baya, suna haki cikin lungu. Da suka ɓullo filin, surutu ya mutu. Wata mai kifi ta dafe ƙirji, "Hajiyar goro ce?"

Suka ajiye ta a ƙarshen filin. Shirwa ɗaya ta kawo sura, ta shafi ganye ta wuce. Kofi ya yi wata ƙara mai kama da ta jariri.

Hajiya ta janye mayafin. Ta buɗe karkataccen bakin, iska kawai ta fito, da yawu a gefe. Wani ya fara dariya, mai shayi ya dunguri ƙeyarsa. Ta sake gwadawa. Ba sunansa ta kira ba, sunan ya fi ƙarfin harshenta. Tsohon kiranta na kasuwa ta jawo daga ciki.

"Gooro. Fari da jaa."

Muryar ta fashe a tsakiya, amma ta kai.

Daga saman bishiyar aka amsa, tas, da muryar Hajiya ta da, kafin ciwo: "Goro, fari da ja, a zo a zaɓa."

Mai kifi ta fashe da kuka.

Kofi ya saki reshen. Ya taho a karkace, yana dukan iska kamar zai faɗi, shirwar ta naɗe fiffike ta biyo shi. Mutala ya cire takalmi ya wurga sama da ihu, ta kauce. Kofi ya wuce kan mutane ya faɗa ƙirjin Hajiya, ita kuma ta kifa masa mayafi ta danne da hannunta mai lafiya.

Mutala ya dawo da keji da almakashi, ƙafa ɗaya ba takalmi.

"Yau sai na aske shi kamar ɗan makaranta."

Hajiya ta kai wa hannunsa duka.

"A'a," ta ce. Ta nuna ƙofar kejin, ta yi ta kokawa da harshe, kowa na jira. "Kwaɗo."

"An ji, Mma. Kwaɗo za mu sa. In za a fita da shi, sai a kulle." Luba ta tura Kofi ciki, ta ɗaure ƙofar da bakin ɗankwalinta. "Mu mai da ke ɗaki?"

Hajiya ta dubi mai kifi da ta durƙusa a gabanta, da sauran matan kasuwa da ke matsowa. Ba ta mai da mayafin baki ba.

"Tukuna," ta ce.