Jan Biron Enid

Ranar Talata, sati uku da binne matarsa Enid, Wilfred Garbutt ya buɗe kwalin takalmin da ke ƙarƙashin keken ɗinkinta.

Cike yake da katuna, an ɗaɗɗaure su da roba. Shekara ashirin Enid ta yi tana hawa bas zuwa ma'ajiyar tsofaffin takardu ta gunduma, tana kwafo sunayen danginta, zuriyar Thwaite, daga littattafan coci da wasiyyoyin mamata: wa aka yi wa baftisma, wa ya yi aure, wa aka binne. Shi kuwa tsohon malamin tarihi ne, ya karanta faɗuwar dauloli har ya ƙoshi, sai ya mai da aikin nata abin ba'a. "Yau ma wurin matattu za a je? Ki gaishe su, sun fi masu rai hankali."

Sai yau ya ga abin da take yi. Duk jaririn da limamin coci ya rubuta wa "shege" a gefen suna, Enid ta ja masa layi da jan biro. Su goma sha ɗaya ne cikin shekara ɗari uku. Katin ƙarshe kuwa ba daga wani littafi ta kwafo shi ba: "Rosalind. Tara ga Maris, 1961. Uwa: Enid Thwaite, shekara sha bakwai. An karɓe ta bayan sati shida."

Bai yi mamaki ba, abin da ya fi ci masa rai ke nan. A lokacin cewa aka yi Enid ta tafi bakin teku wurin gwaggonta jinyar ciwon ƙirji. Kowa a ƙauyen ya san irin ƙirjin. Gidan nan ne mai dogon shinge da ake kai 'yan matan da suka yi ciki, su yi ta goge daɓe a durƙushe har su haihu, su sa hannu a takarda, a miƙa jaririn ga masu aure. Mahaifiyarsa ce ta fesa masa, saura kwana huɗu bikinsu, don ya fasa. Bai fasa ba. Bai kuma taɓa tayar da maganar ba, shekara arba'in da ɗaya, yana ganin shirun nan karamci ne. Su biyu ba su sami haihuwa ba.

* * *

Muriel, yayar Enid, ta zo ranar Alhamis da wata doguwar takarda a naɗe.

"Ka rame, Wilf. Waken gwangwani kake ta ci, ko?"

"Da burodi. Ban lalace gaba ɗaya ba."

Ta shimfiɗa takardar a tebur, ta danne gefenta da kwanon sukari. Salsalar dangi ce da ta haɗa daga aikin Enid, saboda taron zuriya na ranar Asabar. Bayan taro za a kai ta ma'ajiyar gunduma a adana, inda duk mai neman asalinsa yake fara dubawa.

Wilfred ya sa tabarau, ya bi rassan da yatsa. Babu ko ɗaya daga cikin jarirai goma sha ɗayan nan da Enid ta ja wa layi, har da Keziah, kakarsu ta can baya.

"Ina Keziah?"

"Wace Keziah?"

"Wadda kika fito daga tsatsonta."

"Wuri ne ya yi kaɗan."

"Takardar ta kai zanen gado faɗi, Muriel."

Can ƙasa, ƙarƙashin sunan Enid, an buga: "Ba ta bar zuriya ba."

"Wannan kuma ƙarya ce," in ji shi.

Muriel ta ajiye kofin shayinta a hankali. "Ita ta gaya maka?"

"An ce ke kika ɗaukar mata akwati zuwa tasha."

"Shekarata ashirin a lokacin! Baba ya ce in ɗauka, na ɗauka. Da ta dawo da jaririyar a hannu, wa zai ba ta aiki? Wa zai aure ta? Kai?"

Wilfred ya janye kwanon sukari daga kan takardar.

"An rufe maganar nan tuntuni," in ji Muriel tana naɗe takardarta. "Ita ma ta rufe."

"A kwalin takalmi."

* * *

Ranar Asabar da rana zauren coci ya cika da 'yan Thwaite wajen sittin, ga shayi, ga kek, ga salsalar a manne a bango kowa na neman sunansa. Da yake shi ne malami, shi aka ba ya karanta wasiyyar da suke taƙama da ita, ta Tabitha Thwaite, 1794. Muriel ta yi masa alama da fensir inda zai tsaya, daidai bayan gona da shanu takwas.

Ya karanta gonar, ya karanta shanun. Aka fara tafi. Ya ɗaga murya ya wuce alamar.

"Gadona na gashin agwagwa da tukunyata ta tagulla kuwa, na bar wa Keziah, jikata, wadda 'yata ta haifa ba aure. Duk wanda ya goranta mata cikin 'ya'yana, kada ya ɗauki ko cokali daga gidana."

Tafin ya mutu.

"Tsohuwar nan ko sunanta ba ta iya rubutawa ba," in ji Wilfred, "alama ta dangwala. Limaman da suka kira yaran nan shegu ma sun dai rubuta sunayensu kafin su zage su. Mu da muka yi boko ne muka gano dabarar gogewa."

"Wilf, zauna," in ji Muriel. "Ba wurinsa ba ne nan."

"Ina ne wurinsa? An gwada bakin teku."

Ya ciro jan biron Enid daga aljihu, ya taka zuwa bango. Rubutun malami ne, ana karanta shi daga ƙarshen zaure. Ya soke "Ba ta bar zuriya ba" da layi ɗaya, yadda za a ga abin da aka soke. Ya rubuta: "Rosalind, 9 Maris 1961."

"Ka ɓata takardar!" in ji wani ɗan Muriel mai ƙaton agogo.

"Sai ku sake bugawa. Katunan suna hannuna, ranar Litinin zan kai su ma'ajiya da kaina, duka sha biyun. Shekararta arba'in da huɗu yanzu. In ta zo nema wata rana, za ta tarar uwarta ta rubuta ta."

Muriel ta matso kusa da bango. Tana tsaye da butar shayi, idonta a kan sunan, leɓenta na motsi kamar mai gwada shi a karon farko.

* * *

Da ya koma gida rana ba ta faɗi ba. Ya mayar da biron cikin kwali, ya zauna a kujerar keken ɗinkin. Shuɗin zare na nan a allura, yadda ta bar shi.

A gaban mutum sittin bakinsa bai sarƙe ba. Maganar da ta gagare shi gajeriya ce, ta mutum ɗaya, kuma da ya so, da ya faɗe ta kowace safiya, lokacin da Enid ke ɗaura gyale za ta tari bas:

"Na sani, Enid. Jira ni in sa takalmi, mu je mu nemo ta."