Asabar ɗin Buɗe Kamun Kifi

A ganin Russ Halvorson, duk wanda ya tsara kalandar jiharsu ta Minnesota aurensa bai taɓa mutuwa ba. In ba haka ba, me zai sa ranar buɗe kamun kifi ta faɗo Asabar, Ranar Iyaye Mata ta biyo ta Lahadi? Takardar alƙali ta ba wa Denise, tsohuwar matarsa, kwanakin biyu duka. Shi kuwa ya riga ya yi wa 'yarsu Tessa alkawari cewa bana, tunda ta cika takwas, za ta shiga kwale-kwalen kakanta, mahaifin Russ. Dattijon ya haura tamanin, likita ma ya fara ce masa ya haƙura da tafki.

Russ ya rubuta wa Denise wasiƙa shafi uku. Ya fara da kifi, ya ratsa ta kan surukarsa, ya dire a kan wata kujera da aka ƙi dawo masa da ita. Da ya karanta sai da ya jinjina wa kansa.

Sai dai saƙonsu ba ya wucewa sai ta hannun Madam Pruitt, wadda kotu ta naɗa ta riƙa raba musu gardama kan yarinyar, bayan alƙali ya gaji da ganin fuskokinsu. Ta auna takardun a tafin hannu.

"Malam Russ, roƙo ne wannan ko tarihi?"

"Gaskiya ce zalla, ranki ya daɗe."

"Ban musa ba. Kawo hoton Tessa."

Ya zaro daga aljihu. Ta jingina shi da kofin shayinta, fuskar yarinyar na kallonsa, haƙoran gaba biyu babu.

"Karanta mata. Da ƙarfi."

Sakin layi na farko ya tafi lafiya. Da ya iso kan surukar sai ya ci birki, don ita ce ke saƙa wa Tessa safar sanyi duk shekara. Ya tsallake. Ya sake tsallakewa. Can ya tsinci kansa a ƙarshen shafi na uku, bai ƙara karanta komai ba.

"Ai kina da ikon yanke hukunci," ya ce. "Ki yanke mu huta."

"Ina da shi. In na yanke, baɗi ka dawo, baɗin baɗaɗa ma ka dawo, har mu tsufa tare. Ni kuwa ban yi maka laifin komai ba. Me kake so?"

Ya daɗe yana murza hularsa. Abin da ya rage a wasiƙar layi biyu ne: yana roƙon Asabar saboda Baba, zai ba ta duk Asabar ɗin da ta zaɓa a madadi.

Amsar Denise ta zo bayan kwana biyu: "Zuwa ƙarfe huɗu. Kar ta cire rigar hana nutsewa. Ka gaida Baba."

Nan take ya kira Madam Pruitt. "Yaushe na taɓa barinta ta cire rigar? Bari in tuna mata..."

"Rubuta 'na gode'."

"Shi ke nan?"

"Ka sa aya in kana so."

Ranar Asabar ba su kama ko ɗan tsurut ba. Tessa ta ce tanar da suka zo da ita a gwangwani don sa wa ƙugiya na ba ta tausayi, ta juye gwangwanin gaba ɗaya a ruwa. Kakanta ya yi ta dariya har da hawaye, sannan ya ɗora hannunta a kan sandar inji, ya bar ta ta tuƙa su zuwa gaɓa.