Mujiyar Adda Hadizatu

Barira ta karɓi kwanon da hannun hagu, ta ɗaga murfin ta dubi abin da ke ciki, sannan ta juya ta tuttular da shi a kwata. Kunun gyaɗa ne mai zafi, har tururi yana tashi daga cikin ƙazantar.

"Ɗiyata ba ta shan abin hannunki," in ji ta. "Ki kai ma tsuntsuwarki."

Adda Hadizatu tana tsaye a bakin ƙofa, hannuwanta a buɗe kamar har yanzu kwanon yana kansu. Mu biyar ne a tsakar gidan, duk mun zo duba Mubina, 'yar Barira, wadda ta kwana huɗu zazzaɓi bai sake ta ba. Babu wadda ta ce uffan. Ni ma ban ce ba.

Adda ta duƙa a hankali, don gwiwoyinta sun daɗe da lalacewa, ta ɗauki kwanonta daga ƙasa.

"Allah shi ba ta lahiya," ta ce, ta fita.

Katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da nata, a can bayan kasuwar Talata Mafara. Shekara uku ke nan da ta zo unguwar daga wani ƙauye na ƙasar Maradun, bayan 'yan bindiga sun tashe su. Da ɗanta ta zo, Nuruddeen, wanda take kira Auta, kuma shi kaɗai ya rage mata cikin bakwai. Ita tana soya ƙuli-ƙuli tana matsar mai, shi yana gyaran waya a wata rumfa cikin kasuwa. Mutum ne mai barkwanci, ya kusa talatin amma wasa bai fita kansa ba. Da kaka ta yi ya ce zai leƙa ƙauye ya yanko geron da ya shuka da damina. Ya bar wayarsa a gida, don a hanyar nan duk wanda aka tare wayarsa ake fara ƙwacewa. Kwana uku bayan tafiyarsa wani ya zo a kan babur ya yi sallama. Ya ce a gona 'yan bindiga suka same shi suka kashe shi. A can aka rufe shi, uwarsa ba ta ga ko gawarsa ba.

Bayan sadakar arba'in aka fara jin kukan. Da rana tsaka, bayan Azahar, lokacin da unguwa ta yi tsit saboda zafi. Huu, huu. Sai a ɗan tsagaita, sai a sake. Ni ce ta farko da ta ji, don ta katangata yake shigowa. Na duba rufin, na duba darbejiyar ƙofar gida, ban ga komai ba. Na ba Barira labari a wurin ɗibar ruwa, da dariya ma na faɗa. Kafin sati ya zagayo, kowace mace a layin ta san cewa baƙuwar Maradun tana ajiye da mujiya a ɗaki. Kafin wata, an ce ita ta cinye 'ya'yanta bakwai ɗaya bayan ɗaya. Cinikin ƙuli-ƙulinta ya tsaya cak.

Ranar da aka zubar da kunun, na koma gida na kasa zama. Da na ji kukan ya tashi, na yafa mayafi na shiga wurinta.

Tana zaune a kan tabarma da carbi a cinya, waya a tafin hannunta.

"Safara'u, ke ta? Shigo. Ke ba ki tsoro na?"

"Adda, mi ka kuka cikin ɗakin ga?"

Ta miƙo min wayar. A jikin gilashin ga wata tsuntsuwa zanen wasa, zagayayya kamar ƙwarya, launin ƙasa-ƙasa, da idanu manya biyu. Adda ta sa yatsa ta shafi kanta. Tsuntsuwar ta lumshe ido, ta karkata kai, ta yi wannan kukan.

Na zauna a ƙasa kusa da ita.

"Wasan Auta na," ta ce. "Wai ana yawo ana kamun dabbobi cikin waya. Ya tara su da yawa, amma wagga yaka so. Ya ce tun tana 'yar ƙarama yak kama ta, shi yar rene ta. In ya dawo kasuwa, kahin shi ci tuwo sai ya ba ta nata. Ina yi mai faɗa, namiji da gemu yana kiwon mujiya. Sai shi kama yatsana shi ɗora nan, shi ce, Inna gaishe ta."

A ƙarƙashin tsuntsuwar akwai rubutu. Na yi sakandare kafin aure, don haka na karanta a fili ba tare da tunani ba.

"Inna."

"Na'am?"

"A'a, Adda. Sunan da ya sa mata ke nan. Inna."

Ta dube ni, ta dubi wayar. Sai ta yi dariya, irin wadda ban taɓa ji daga bakinta ba tun kaka.

"Ɗan banza! Ashe da gaske yaka yi. Ya ce idona irin nata na, ba abin da ka wuce min." Ta goge fuska da bakin zane. "Ni ban san wasan ba, Safara'u. Wuri guda nas sani in taɓa. In nat taɓa, ta amsa. Cikin gidan ga ba wani mai amsa min."

Tun daga ranar ni nake sa mata caji da 'yar solar maigidana. Na gaya wa maigidan, Ɗanlami, abin da na gani. Ya saurara yana cin abinci.

"To kin gani, kin huta," ya ce. "Amma ki ja bakinki. Ke kika fara kai maganar wurin ruwa. In kika koma kina kare ta, za su ce ta lashe ki ke ma. Muna da 'ya'ya a layin nan."

Duk da haka na gaya wa Barira, sau ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa. Tana jiƙa tsumma tana ɗora wa Mubina a goshi.

"Cikin waya? To ai nan ta ɓoye ta," ta ce. "Ke har kin yarda?"

Ban sake tayar da maganar ba.

Mubina ta rasu wata ranar Laraba, a asibiti, wuyanta a sandare. Likita ya ce sanƙarau ne, kuma a bazarar nan ya ɗauki yara da yawa har Bakura. Amma wani ya ce ya ji mujiyar ta yi kuka sau uku a daidai lokacin. Washegari bayan La'asar mahaifin yarinyar, Ɗantani, ya taho da maza kusan goma. Malam Lauwali, limamin masallacinmu, ya biyo su da sauri yana riƙe da bakin rigarsa, don kada a yi aika-aika. Mata muka cika ƙofa da kan katanga.

"Hiddo ta!" Ɗantani ya daka tsawa. Idanunsa sun yi ja, bai yi barci ba. "Hiddo abin da kika aje!"

Adda ta fito da wayar a ƙunshe cikin ɗankwali. Wani ya kai hannu, ta ja baya.

"Ba mai taɓa ta sai Safara'u."

Aka buɗa min hanya. Ta ɗora min wayar a hannu, ta ɗan matse yatsuna. Na buɗe wasan, na ɗaga sama kowa ya gani, na shafi kan tsuntsuwar. Huu, huu. Wasu mata suka ja da baya suna salati. Cikin mazan akwai waɗanda suka sunkuyar da kai, don sun san irin wasan, wasu ma yana cikin aljihunsu.

Malam Lauwali ya karɓi magana. "Jama'a, ku ji tsoron Allah. Wannan wasan yara ne. Camfi ba shi da gurbi a addini. Mubina kwananta ya ƙare, kamar yadda namu zai ƙare."

"In wasa na, a hidda shi," in ji Ɗantani. "Ni ba ni ƙara jin kukan ga a layin da ɗiyata tat tashi. In ba haka ba, ta bar unguwar."

Aka yi ta guna-guni. Malam ya dubi taron, ya dubi tsohuwar, na ga yana auna wanda ya fi sauƙin lallashi.

"Adda Hadizatu," ya ce a hankali, "ba ki da laifi, kowa ya shaida. Amma mutumin nan yana cikin zafi. Don a zauna lafiya, ki bari a goge abin. Ai hoto ne kawai. Addu'a ita ke isa ga mamaci."

"Malam, mi nay yi maku?"

"Ba ki yi komai ba. Haƙuri za ki yi. Safara'u, goge shi."

Na ɗaga kai na hango Ɗanlami a cikin maza. Ya gyaɗa min kai kaɗan. Na dubi Barira, wadda muka yi wasan ƙasa tare, tana jingine da bango mata biyu na riƙe da ita. Na danne alamar wasan. Wayar ta yi tambaya da Turanci, ko na tabbata.

"Safara'u," in ji Adda. Sau ɗaya ta kira ni.

Na danna.

Taron ya watse da sauri, kamar an gama rabon goro. Babu wanda ya ce mata yi haƙuri ban da Malam. Na mayar mata da wayar. Ta sa yatsa daidai wurin da ta saba taɓawa. Ta sake taɓawa. Sai ta naɗe ta cikin ɗankwalin ta shige ɗaki.

An daina jin kukan, amma ba a dawo sayen ƙuli-ƙuli ba. Yanzu cewa ake yi an kashe mata abin ne shi ya sa take ramewa. Ta daina hura wuta. In Ɗanlami ya tafi gonar shinkafa nakan zuba abinci in kai mata, in dawo da yamma in tarar ƙuda na bin sa. Ba ta taɓa yi min gori ba. Takan gaishe ni da cikakkiyar gaisuwa, ta tambayi gajiya, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Wata ranar kasuwa na roƙe ta wayar, na kai rumfar da Nuruddeen ya yi aiki. Mai rumfar ya sake saukar da wasan, ya daɗe yana latse-latse, sannan ya girgiza kai.

"Dabbobinsa suna can, amma sai da lambar sirrinsa. Shi kaɗai ya san ta."

"Ba wata dabara?"

"Sai dai a fara sabo. Ki bar min ita zuwa jibi, in kamo miki irinta."

Ya kamo. Launin ɗaya, idanun ɗaya, kukan ma ɗaya. Na rage sautin har sai an kara kunne, na kai mata da sauri kamar wadda ta yi abin kirki. Tana kwance a lokacin, tari ya kama ta. Na tallafo kanta, na ɗora yatsanta a kan gilashin. Tsuntsuwar ta lumshe ido ta karkata kai.

Adda ta daɗe tana kallo.

"An rubuta sunan?"

Da na ce eh, da ba za ta taɓa sani ba. Amma na girgiza kai.

"Wagga ba ta san shi ba," ta ce. Ta janye hannunta. "Kin wahala, ɗiyata. Aje ta can."

Na ce a kai ta asibiti. Ɗanlami ya ce a jira 'yan'uwanta, ya aika saƙo Maradun. Hanya ba ta da kyau a makon, babu wanda ya zo. Ranar Litinin da hantsi na shiga da koko, na same ta ta juya fuska gabas, carbinta a hannu. Jikinta bai gama sanyi ba. Ina bayan katanga ina shanya lokacin da ranta ya fita, ban ji komai ba.

Wanka ya zama magana. Matan da suka saba wanke gawa a layin, wannan ta ce bayanta, waccan ta ce ba ta da tsarki. Sai da Malam Lauwali ya aika aka ɗauko wata tsohuwa, Adama, daga wata unguwa. Ni na riƙa zuba mata ruwa. Adda ba ta da nauyi ko kaɗan, da hannu ɗaya nake juya ta.

"Ina mutanenta?" Adama ta tambaya.

"Mu ne maƙwabta."

Ta dube ni, ta ci gaba da aikinta.

Sahu biyu aka yi mata, na biyun bai cika ba. Ɗantani yana ciki, an ce har da shi aka ɗauki makara. Barira ba ta shigo gaisuwa ba, amma da yamma na gan ta ta tsaya daga nesa tana kallon ƙofar, ta daɗe, sannan ta koma. Har yau ba mu yi maganar ba. Muna haɗuwa wurin ruwa, mu gaisa, mu tambayi gajiya.

Bayan kwana tara wani ɗan ƙanenta ya iso. Ya ɗaure tabarma da tukwane biyu da kaskon suya a bayan babur, ya sa wayar a aljihu, ya yi mana godiya da ɗawainiya. Godiya sosai ya yi. Mai gidan da take haya ya sa kwaɗo a ƙofar ɗakin.

Takalmanta na roba aka manta a bakin ƙofa, ɗaya an ɗaure maɗaurinsa da zare. Mai shara ya kewaye su, yara suka kewaye su. A makon aka yi ruwan farko, da safe na leƙa ta kan katanga, na ga sun cika da ruwa, wata kaza tana sha daga na hagun.