Washegarin Yayyafi

Nayra, mai kula da kwamfutocin asibitin, ta sake danna maɓallin, jan rubutun nan ya sake fitowa: an kasa isa ga ma'ajiyar bayanai.

A kan bencin ƙaramin asibitin, wata tsohuwa, Doña Basilia, na zaune ta zuba mata ido. Daga bakin tafki ta taso don jin sakamakon gwajin ƙullutun da ke ƙirjinta, motar ƙauyensu kuwa ba ta jiran kowa.

"'Yata, in abin ba daɗin ji, faɗa min kawai," ta ce. "Kar ki laƙa wa na'ura."

"Ba haka ba ne, Mama. Ni ma ban gani ba tukuna."

Ta duba kalmar sirri, daidai take. Ta kashe kwamfutar ta kunna, ba canji. Sai ta sake karanta saƙon a tsanake. Bai ce bayanan sun lalace ba, hanyar zuwa gare su ce ta toshe. Ta miƙe ta nufi ɗakin da babbar na'urar take.

Warin giya ne ya tare ta. Jiya Talatar yayyafi ce, ranar da kowa a birnin El Alto ke yayyafa giya a ƙasa da kan kayan aiki, wai shayar da Uwar Ƙasa, don kayan sana'arsa su yi albarka. An naɗe na'urar da zaren takarda kala-kala, an barbaɗa mata furanni, an jawo ta tsakiyar ɗaki. Wayar da ake jona mata na yashe a bayan kabad.

Likita Huanca ya leƙo, dafe da kai.

"Likita, wa ya matsar da ita?"

"Ni ne. Tana lungu, ta ina albarka za ta same ta?"

"To wayar fa?"

"Gajera ce, ba ta kai ba. Ke ma dai, Nayra, da kin zo bikin maimakon ɓuya a gida, ai da kin hana mu."

Nayra ta tura na'urar wurinta, ta durƙusa ta jona wayar, ta koma teburinta da sauri. Ma'ajiyar ta buɗe, komai na nan.

Likitan ya sunkuya ya karanta har sau biyu.

"Kitse ne kawai, Mama. Ba ciwon daji ba ne."

Sai Doña Basilia ta kwance ƙunshin bayanta, ta zaro 'yar kwalbar giya.

"Ina na'urar take? A nuna min ita."

Nayra ta kalli likitan, shi kuma ya kalli rufi. Ta kama hannun tsohuwar, ta kai ta bakin ƙofar ɗakin, ta nuna mata siminti.

"Nan ƙasa za ki zuba, Mama. Daga nan ma tana samu."